Ɗurin Bindiga Don Farautar Barewa a Amurka: Yadda Ake Zaɓen Harsashi da Awon Albarushi

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar sarki ranar hawan Sallah a Kano ko Katsina ya san warin albarushi, ya kuma san farin hayaƙin nan da kan turnuƙe wuri bayan an saki wuta. To irin wannan bindiga ta ɗuri, wadda ake zuba wa albarushi ta baki a danna da sanda, ita ce Amurkawa suka ware wa lokacin farauta na musamman a yawancin jihohinsu, galibi tsakanin Oktoba da Janairu. Abin da aka fi nema da ita shi ne barewa mai farar wutsiya. Sunan barewa dai aro muka yi mata, don ta fi tamu ta Sahel jiki nesa ba kusa ba: ƙosasshen namiji yakan kai kilo 70 zuwa 100, wani ma ya wuce.

Harbi ɗaya gare ka. Kafin ka sake ɗuri, dabbar ta kai wani gari. Shi ya sa maharban can suke kwana suna gardama a kan harsashi da awon albarushi. Ni dai abin da na gani bayan shekarun da na yi ina wannan harka shi ne bututun bindigarka ke da ta cewa, kai naka ka bi shi da gwaji har ka gano abin da yake so. Yawan albarushi bai taɓa gyara harbin da ya kauce ba.

Amma tun kafin mu yi nisa: duk alƙaluman da zan kawo na bindigogin masana'anta ne, waɗanda aka ƙera da ƙarfe mai kauri aka kuma rubuta iyakar abin da za su iya ɗauka. Kada wani ya ɗauki awon nan ya zuba wa bindigar toka ta maƙerin ƙauye. Bututunta ba a yi shi don wannan matsi ba, fashewa zai yi a hannunka.

Mataki na farko: duba dokar jihar

Wannan ba ya ɗaukar lokaci, amma shi ke rage maka rabin zaɓi. A Kolorado, lokacin farautar bindigar ɗuri an hana harsashi mai rigar roba (ƙaramin harsashi da aka zaunar a kwasfar roba), an hana albarushin da aka cura guntu-guntu, an hana madubin hange. Fensilbaniya tana da lokaci bayan Kirsimeti wanda bindiga mai ƙyastu kaɗai ake yarda da ita. A Kalifoniya kuwa tun 1 ga Yulin 2019 ba a farauta da harsashin dalma ko kaɗan, sai na tagulla da makamantansa. Dokokin nan sukan canza, don haka ka karanta littafin hukumar namun daji na shekarar da kake ciki.

Mataki na biyu: san murɗin bututunka

A cikin bututun akwai zane da aka sassaƙa yana murɗawa kamar igiya. Shi ke sa harsashi ya fita yana juyawa, ya tafi a miƙe. Ana rubuta shi kamar haka: 1:66, 1:48, 1:28. Ma'anar 1:28 ita ce harsashi yana cika juyi ɗaya a cikin inci 28. Ƙaramar lamba, murɗi mai sauri ke nan. Ƙa'idar kuma mai sauƙi ce: dogon harsashi yana bukatar murɗi mai sauri, dunƙulallen harsashi kuwa mai sanyi yake so.

Idan ba a rubuta a jikin bindigar ba, kana iya aunawa da kanka. Ka tabbatar babu komai a ciki, ka ɗaura ƙyalle mai ɗan maiƙo a kan sandar goge bututu yadda zai kama sosai, ka tura har ƙasa. Ka liƙa ɗan salatif a jikin sandar daidai bakin bututun, da kunnensa a tsaye kamar tuta. Sai ka ja sandar a hankali, ka bar ta ta juya da kanta. Da tutar ta yi rubu'in juyi, ka tsaya ka auna tsawon da ya fito, ka ninka sau 4. Inci 7 ya ba ka 1:28, inci 12 ya ba ka 1:48, wajen inci 16 da rabi kuwa 1:66 ne.

Bindigogin gargajiya masu kunama a gefe, waɗanda aka yi don dunƙulen dalma, sukan zo da 1:60 zuwa 1:70. Samfurin Hawken na kamfanin Thompson/Center, wanda ya fito a 1970 ya cika gidajen maharba, yana da 1:48, wato tsaka-tsaki: yana harba dunƙule, yana harba dogon harsashin dalma, ko da yake ba ya ƙurewa a ɗayansu. Sai kuma na zamani, waɗanda wutarsu ke shiga kai tsaye ta bayan albarushi. Tony Knight ne ya yaɗa su da samfurin MK-85 a 1985, yanzu kuma CVA da Traditions da sauransu suna yin su, yawanci da 1:28.

Mataki na uku: harsashi

Zan yi magana a kan faɗin baki .50, wato rabin inci, don shi ya fi yawa a hannun mutane.

Dunƙulen dalma shi ne na kaka da kakanni. Ga bindiga .50 ana sayen mai faɗin .490, nauyinsa wajen giren 177. Giren ma'auni ne ƙarami, 7,000 ke cika laba ɗaya, giren 100 kuma ya yi kusan giram 6 da rabi. Ana naɗe dunƙulen a ƙyallen auduga mai maiƙo, kaurinsa .010 ko .015 ko .018 na inci, ƙyallen ne ke kama zanen bututu ya kuma toshe iskar wuta. Dalmar ta zama tsantsa mai taushi, wadda farcenka zai iya yi wa zane. Mutane suna raina dunƙule, alhali idan ya ratsa haƙarƙari a yadi 50 yakan baje ya yi faɗi kamar kwabo, barewa ba ta zuwa ko'ina. Matsalarsa iska: yana fita da gudu amma yana saurin gajiya, kuma iskar gefe tana kaɗa shi. Ni ba na wuce yadi 75 da shi. Masu ido da hannu sukan kai 100, daga nan kuwa sai dai ganganci. Wanda ya samu .54 ya fi morewa, don dunƙulenta na .530 ya haura giren 220.

Dogon harsashin dalma, wanda ya cika bututu ba tare da ƙyalle ba, jikan harsashin nan ne na Minié da wani hafsan sojan Faransa ya fito da shi wajen 1849. A yau akwai Maxi-Ball mai giren 370 da Great Plains na Hornady mai giren 385. Nauyi gare su, suna ratsa ƙashi su fita ta ɗaya gefen, su bar sawun jini mai sauƙin bi. Kuɗin da za ka biya shi ne naushin kafaɗa, da kuma saurin sunkuyawa bayan yadi 100. Akwai abu ɗaya da ake mantawa: irin wannan harsashi yana iya zamewa daga kan albarushi in ka yini kana yawo da bakin bindiga a ƙasa. Lokaci-lokaci ka cire abin kunna wuta, ka zura sanda ka tabbatar yana nan inda ka bar shi. PowerBelt ma a wannan rukuni yake, yana da 'yar roba a gindi, yana zuwa da giren 245 ko 295, kuma ba ya wahalar ɗurawa.

Na uku shi ne mai rigar roba, wanda suke kira sabot. Harsashi ne ƙarami, faɗinsa .452 ko .430, an zaunar da shi a cikin kwasfar roba mai kunnuwa. Robar ke kama zanen bututu, da an fita baki sai ta buɗe ta faɗi, harsashin ya wuce shi kaɗai. Wannan shi ne abincin bututu mai 1:28. Nauyin da aka fi amfani da shi ga barewa giren 250 ne zuwa 300: XTP da SST na Hornady, ko na tagulla zalla irin na Barnes masu giren 250 da 290. Da shi ne ake iya kai yadi 150, gwanaye ma 200.

A nan ne na fi ganin mutane suna kuskure, don haka bari in ɗan tsaya. Da yawa daga cikin harsasan nan masu rami a baki asalinsu na ƙaramar bindigar hannu ne, an yi su don su buɗe a gudu matsakaici. Sai mutum ya tura su da giren 150 na albarushi, barewa kuma ta fito masa a yadi 30. Harsashin ya daki allon kafaɗa ya tarwatse tun bai kai huhu ba, dabba ta tafi da mummunan rauni, babu jinin kirki a ƙasa. In kana son ɗuri mai zafi, nemi harsashi mai tauri ko na tagulla, ko ka hau zuwa giren 300. In kuwa a dajin da kake ba a ganin abin da ya wuce yadi 80, to ɗuri matsakaici da harsashi mai taushi sun ishe ka.

Ita ma rigar robar tana da nata hali. Bututu ba sa zuwa daidai da juna, ko da kamfani ɗaya ya yi su. Rigar da ta dace ita ce wadda sai ka sa ƙarfi da hannu biyu take sauka, amma a jere ba tare da bugu ba. In ta sulale da yatsa biyu, ta yi sako-sako, harbi zai watse. In sai ka jingina sandar da bishiya, ta yi matsi, kuma ranar da sanyi ya kama maka yatsu ba za ka iya ɗuri na biyu ba. Ana sayar da rigunan daban, masu kauri da masu sirantaka, irin na Harvester da MMP. Sau da yawa canza riga kaɗai ke gyara bindigar da aka fitar da rai da ita.

Mataki na huɗu: albarushi

Kada ka kuskura ka zuba albarushi marar hayaƙi, wato irin wanda ke cikin kwanson harsashin zamani. Matsinsa ya ninka na baƙin albarushi, yana tsaga bututu, yana cire yatsu da idanu. Kuma launi ba shaida ba ne, shi ma yakan zo baƙi. Abin da aka rubuta a jikin gwangwani kaɗai za ka yarda da shi. Wanda aka ba ka a leda ko kwalba babu suna, kada ya shiga bindigarka.

Baƙin albarushi na asali, irin Goex na Amurka, da Swiss, da Schuetzen na Jamus, ana rarraba shi da girman ƙwaya. Fg shi ne mai manyan ƙwayoyi, FFg na bindiga .50 zuwa sama, FFFg na .45 zuwa ƙasa, FFFFg kuwa gari ne da ake ɗan barbaɗawa a kaskon bindiga mai ƙyastu, ba a ɗura shi a bututu. Ƙaramar ƙwaya ta fi saurin ci, ta fi matsi. Mai bindigar ƙyastu ba shi da wani zaɓi sai baƙin albarushi, don tartsatsin dutse ba ya kunna sauran yadda ya kamata.

Sauran su ne na madadi. Pyrodex na kamfanin Hodgdon ya fito a 1976, nau'insa na RS shi ke tsayawa a matsayin FFg. Triple Seven ya fi shi ƙarfi, har kamfanin ya ce a rage kashi 15 cikin 100 in ana son daidai da baƙin albarushi: inda kake zuba 100, ka zuba 85. Yana kuma barin wani zoben dauɗa mai tauri can ƙasa inda harsashi ke zama, wanda kan yaudare ka ka zaci ka kai ƙarshe alhali da saura. Blackhorn 209 ya fi su tsabta, kana iya harbi da yawa ba ka goge ba, amma sai bindigar zamani mai rufaffen gindi da furaima 209 mai zafi, wato ɗan abin kunna wuta da ake sawa ta baya, kuma iyakarsa giren 120 a mudu.

Na ce a mudu, kuma wannan magana ce babba. Duk waɗannan da ɗan mudun tagulla mai lambobi ake auna su, ba da sikeli ba. Giren 100 na Blackhorn a mudu giren 70 ne kawai a sikeli. Wanda ya ɗora 100 a sikeli ya zuba, ya wuce iyaka da nisa bai sani ba.

Akwai kuma curarre, kamar 'yan guntayen alli masu huda a tsakiya, galibi kowane ɗaya a matsayin giren 50. Ka jefa biyu, ka samu 100. Sauƙi gare shi, musamman da sanyin asuba. Aibinsa ba ka da tsaka-tsaki sosai, alhali wata bindigar a 90 take nutsuwa. Uku kuwa, wato 150, sai bindigar da littafinta ya faɗa ƙarara. Ni ban cika ganin amfaninsa ba: gudu ya ƙaru daga wajen mita 500 a daƙiƙa zuwa 600 da ɗoriya, amma kafaɗa ta sha duka, mutum ya fara runtse ido tun kafin ya taɓa kunama.

Mataki na biyar: ranar gwaji

Ka ware yini guda, ka tafi filin harbi da teburi da buhun yashi, da littafin rubutu, da tabarau da abin toshe kunne. Ka goge maiƙon ajiya daga bututu, ka fasa hular wuta biyu, wato 'yar hular ƙarfen da ke kunna albarushi, a bindiga babu ɗuri don hanyar wuta ta bushe.

Tsarin ɗurin ba ya canzawa. Albarushi daga gora zuwa mudu, daga mudu zuwa bututu, a rufe gorar a ajiye ta gefe. Ba a zubawa kai tsaye daga gora, don in akwai ragowar garwashi a ciki, gorar ce za ta tashi a hannunka. Sai harsashi, a fara shi da gajeren maturi, a ƙarasa da sanda har ya zauna daram a kan albarushi. Fuska da jiki su kauce daga saitin baki. Hular wuta ko furaima ita ce ta ƙarshe, bayan bindiga ta fuskanci allo.

Kada a bar sarari tsakanin albarushi da harsashi. Wannan sararin shi ke kumbura bututu ko ya fasa shi. Maganinsa araha ne: da ka yi ɗurin farko a bututu mai tsabta, ka bar sandar a ciki, ka zana mata alama daidai baki. Daga ranar, duk ɗurin da alamar ba ta sauka daidai ba, akwai magana. In ta tsaya sama, ko harsashi bai kai ba, ko ka yi ɗuri biyu. In ta nutse, ka manta albarushi. Wannan na ƙarshen ya same ni. Ina cikin ɗuri wani ya zo yana tambayata game da madubina, muka yi ta hira, na danna dunƙule a busasshen bututu. Na fasa hula uku, ƙyas, ƙyas, ƙyas, shiru. Sai da wani dattijo a teburin gefe ya miƙo mini sukurin zaro harsashi yana murmushi, bai ce uffan ba. Rabin awa na yi ina fama. Tun daga nan in ina ɗuri ba na amsa ko sallama sai na gama.

Yanzu awo. Da dunƙulen .490, tsofaffin maharba sukan fara da lambar bakin bindigar, wato giren 50 na FFg, su riƙa hawa da biyar-biyar ko goma-goma. Ɗurin farauta yakan faɗa tsakanin 70 da 90. Dogon harsashin dalma, 80 zuwa 100. Mai rigar roba na giren 250, ka fara daga 80, ka gwada 90, 100, 110, muddin littafin bindigarka ya yarda. Kowane awo harbi uku a yadi 50, kana goge bututu iri ɗaya tsakanin harbi da harbi: ƙyalle mai ɗan danshi sau ɗaya, busasshe sau ɗaya. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. In ka canza harsashi da awo tare, ba za ka san wanda ya yi aikin ba. A wannan matakin kada ka damu da ko harbin ya sami tsakiya, abin dubawa shi ne yadda ramukan uku suka haɗu. Za ka ga suna matsowa kusa da juna yayin da kake hawa, sai a wani awo su fara watsewa. Ka koma na bayansa, shi ne naka.

Ka riƙa barin bututu ya huce, musamman da rigar roba, don zafi yana sa ta laushi. Sannan ka taka gaban teburi yadi 10 zuwa 15 ka tsinto abin da ya faɗi, shaida ce babba. Ƙyallen da ya yi aiki daidai za ka same shi da baƙin zobe a tsakiya, gefensa ya ɗan tsattsage, amma babu huda, kamar ka sake amfani da shi. In ya ƙone ko ya yi raga-raga, ya yi siriri, ko maiƙo ya yi kaɗan, ko albarushi ya yi yawa. Rigar roba kuma ta buɗe kunnuwa huɗu kamar fure, gindinta lafiya. Gindin da ya fashe ko ya narke yana gaya maka ka rage wuta.

In ka taɓa kunama wuta ba ta tashi ba, kada ka ɗaga kai ka leƙa. Ka riƙe ta tana kallon allo minti ɗaya cur, don albarushi yakan yi jinkiri ya tashi daga baya. Bayan nan ka cire hular, ka sake danna harsashin, sannan ka sa sabuwa.

Da ka sami awonka, sai ka gyara saiti, ka koma yadi 100. Huhu da zuciyar barewa sun yi faɗin farantin cin abinci, wajen inci 8 zuwa 10. Ka kafa farantin takarda, ka harbe shi a yadda za ka yi a daji, a zaune ko a durƙushe ko jingine da bishiya. Nisan da kake samunsa kowane harbi, nan ne iyakarka, ko me aka rubuta a kwalin harsashi. Ka sani kuma, ɗurin giren 100 da harsashi mai giren 250 da aka saita a yadi 100 yakan sunkuya fiye da ƙafa ɗaya a yadi 200. Mai niyyar harbin nesa sai ya gwada 150 da 200 a takarda da idonsa.

Gwaji na ƙarshe shi ne harbin farko daga bututu mai sanyi, wankakke, don shi za ka yi a daji. A wasu bindigogin yakan kauce inci biyu ko uku daga sauran. Ka dawo wata safiya ka harba ɗaya tak, ka rubuta inda ya faɗa, ka saita da shi.

Mataki na shida: daren shiga daji

Ka auna ɗuri uku ko huɗu a 'yan bututun roba masu murfi, kowane da harsashinsa, ka sa a aljihun da hannu zai kai ba lalube. In ana yayyafi ko dusar ƙanƙara, ka liƙe bakin bindiga da salatif ɗin lantarki falle ɗaya, iskar gaban harsashi za ta ture shi ba tare da ta taɓa saiti ba. Bindigar da ta yini a sanyi kada ka shigo da ita ɗaki mai ɗumi da ɗuri a ciki, gumi za ta yi, albarushi ya jiƙe, gobe ta ba ka kunya. Ka cire furaima ka kulle ta a wuri mai sanyi. Musulmin maharbi kuma ya san nasa: bisimilla kafin kunama, wuƙa mai kaifi a kugu.

In ka harba, hayaƙi zai rufe maka gaba na ɗan lokaci. Ka saurari inda ta nufa, ka riƙe bishiyar da take tsaye kusa da ita a ido, ka sake ɗuri a nitse kafin ka taka ko'ina. Da ka dawo gida kuma, a daren nan za ka wanke bututu, ko ka gaji ko ba ka gaji ba. Ragowar baƙin albarushi da Pyrodex da Triple Seven tana jan danshi, tana iya fara cin ƙarfe kafin gari ya waye. Ruwan ɗumi da ɗan sabulu sun ishe su, Blackhorn kuwa man wanke bindigar zamani yake so. Ka kwance toshiyar gindi ka wanke ramin wutarta, ka shafa wa zarenta man hana kamewa kafin ka mayar, ka busar da bututun sarai, sannan ka bi shi da ƙyalle mai ɗan mai.